Yadda Za Ka Yi Wa Surukinka Noma Da Yatsa Ɗaya

Kai da ka tsaya karanta wannan, na san damuwarka tun kafin ka buɗe baki. Ka ga yarinya, yarinya ta gan ka, magana ta kai gaban manya, sai uban yarinya ya gyara zama ya ce, "To, a bari mu ga damina." Ka san abin da hakan ke nufi a ƙauyukanmu. Za a kira gayya a gonarsa, ka zo da abokanka a yi masa noma, shi kuwa ya tsaya a bakin gona yana kallon bayanka, ya ga ko yana lanƙwasuwa. Kai kuma rabonka da fartanya tun kana firamare.

Kwantar da hankalinka. Ni ne Abdulhadi mai gyaran rediyo da hayar lasifika, shagona yana bayan tashar mota a Ɗambatta. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka je gayya da farar riga, ka dawo da farar riga, a ba ka mata, tafin hannunka yana nan sumul. Ba shaci-faɗi nake maka ba, an gwada. Wanda aka gwada a kansa sunansa Uwaisu, ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Bagwai, kuma yau haka yana nan da aurensa. Yadda aka yi auren ya tabbata za mu zo wurin, kada ka yi min gaggawa.

Mataki na 1: Ka yarda ba ka iya ba

Kada ka yaudari kanka. Akwai samarin da suke ganin tunda kakansu manomi ne, noma yana cikin jininsu, da sun riƙe ƙota zai motsa. Ba ya motsawa. Abin da zai motsa ƙugunka ne, kuma sai ka yi mako kana salla a zaune.

Uwaisu bai wahalar da ni a nan ba. Shekara da shekaru yana birni yana sayar da rigunan waya da caja, aikin da ya fi ba shi gumi shi ne liƙa gilashi a fuskar waya. Ranar da ya shigo shagona ya miƙo hannu muka gaisa, sai na ji kamar na kama burodi.

"Abdulhadi, na shiga uku," in ji shi. "Malam Sama'ilu ya ce ba zai ba da amsa ba sai bayan gayyar noman geronsa. Kuma Jamil ne zai ja layi."

Malam Sama'ilu shi ne mahaifin Aina'u, yarinyar da Uwaisu ke so. Jamil kuwa yayanta ne, wani ƙato mai wuya kamar turmi, wanda in ya sunkuya a wannan bakin gona ba ya ɗagowa sai a wancan. Tun da Uwaisu ya fara zuwa gidansu Jamil bai taɓa kiran sunansa ba. "Mai caja" yake ce masa.

Mataki na 2: Duba wanda ba ya noma a gayya

Ilimi ke nan, ka buɗe kunnenka. A kowace gayya akwai waɗanda suke cin tuwo ba tare da sun sunkuya ba. Akwai dattijo mai gona, kai kuwa ba ka tsufa ba. Akwai 'yan matan da ke kawo fura, wannan ma ƙofar a rufe take gare ka. Saura mutum ɗaya, makaɗi.

Makaɗin gayya shi ne sarkin wayo na duniya. Yana tsaye ana gumi, ya kira sunan mutum mutum ya ƙara gumi, a ƙarshe kuma a ce masa sannu da aiki. Ban taɓa jin an ce makaɗi rago ne ba.

Ka bincika ko gurbin a buɗe yake. A garin su Aina'u an yi sa'a, Sabo mai gangar noma ya je Makka ya dawo Alhaji Sabo, ya rataye ganga ya ce ya tuba. Tun daga nan gayyarsu ta zama shiru kamar zaman makoki, ba ka jin komai sai nishi da ƙarar fartanya. Mutane suna ta kewarsa, ni kuwa ban ga abin kewa ba, don Sabo yana da babban aibi a sana'arsa. Tausayi gare shi. Maimakon ya kalli gwarzon da ke gaba, sai ya riƙa waiwayen wanda aka bari a baya, in ya ga ya galabaita ya sassauta kiɗa, kowa ya rage gudu har na bayan ya kamo. Haka ake ɓata lokaci. Abin da zan ba ka ba shi da wannan rauni.

Mataki na 3: Samo fiyano mai yin aikin da kansa

Kada ka kuskura ka ɗauki ganga. Ganga ba ta rufa asiri, in ba ka iya ba, bugu ɗaya kowa ya sani. Fiyano za ka nema, irin na zamani mai aiki da batir, kuma ka tabbata mai kiɗa a cikinsa ne.

Bari in yi maka bayani, don ni na buɗe cikinsa na gani. Waɗanda suka ƙera shi sun zuba masa makaɗa a ciki: mai ganga, mai kalangu, mai garaya, da wani mai ƙaton sauti da ke bugun ƙirji. Dukansu suna zaune suna jira. Ka danna maɓalli ɗaya su shirya. Ka ɗora yatsa ɗaya a ɓangaren hagu, su tashi gaba ɗaya. Ka matsar da yatsan gaba kaɗan, su juya su bi ka. Ba sa rigima a kan rabo, ba sa zuwa a makare, kuma har yau ban ji wanda ya je Makka a cikinsu ya ce ya tuba ba.

Kada ka ji nauyin amfani da shi. Manyan mawaƙa na birni ma da shi suke fara ɗora waƙa. Na san wani makaɗi na gaske da yaransa suka watse suka koma acaɓa, da abin nan yake ci gaba da zuwa biki shi kaɗai, hannun hagu yana jan ayari, na dama yana zuba abin da Allah ya hore masa, yana ciyar da iyalinsa. An yi shi ne don ya sauke wa makaɗi nauyi, hannunsa ya samu sarari ya yi wani abin. Ka riƙe wannan magana. Ni da na faɗa wa Uwaisu ita ban san inda za ta kai mu ba.

Da na kunna masa a shago ya ɗora yatsa, sai ya ja da baya ya dubi yatsan.

"Ni na yi wannan?"

"Kai ka yi."

"Ashe dama ina da baiwa ban sani ba!"

Ka ga ɗalibi na gari, tun ba a je ko'ina ba ya fara yarda da kansa.

Mataki na 4: Koyi fuska, bar kiɗa

Tunda makaɗan ciki sun ɗauke maka kiɗa, abin da ya rage maka shi ne ka yi kama da mai wahala. Ka rufe ido. Ka ciji leɓe. Ka riƙa jijjiga kafaɗa kamar ana zuba maka ruwan sanyi a baya. Hannun dama ya riƙa shawagi a kan fararen maɓallai, amma kada ya taɓa su, don duk abin da ya taɓa zai yi ƙara, kuma ƙarar taka ce, ba mai ɗauke maka ita.

Ka rataya tawul a wuya. Mutumin da ke da tawul a wuya, ko a inuwa yake zaune, ana ganin yanzu ya gama wani babban aiki.

Lokaci-lokaci ka danna maɓallin da ke sa ganguna su yi rugugi su dawo daidai, kai kuma ka girgiza kai kamar abin ya fito daga ƙasan zuciyarka. Uwaisu ya ƙware a wannan har ni da na koya masa na so in yi masa liƙi.

Mataki na 5: Maɓallin rufin asiri

In za ka manta da duk abin da na faɗa, kada ka manta da wannan.

Makaɗan ciki ba su da hankali. In ka tashe su, ko ka ɗauke hannu ka tafi Tofa ka dawo, za ka tarar suna yi. Saboda haka akwai wani ɗan maɓalli a gefe mai jar fitila. In yana kunne, da ka ɗaga yatsa kiɗa zai tsaya cak, da ka mayar ya ci gaba. Shi ne yake sa mai kallo ya rantse cewa daga hannunka sautin ke fita. Sharaɗinsa ɗaya ne, yatsanka ba zai bar wurin ba muddin kana son a ji kiɗa.

"Tun safe har azahar yatsana yana danne?" in ji Uwaisu. "Ai zai sage."

"Yatsa ɗaya ake nema a wurinka, Uwaisu. Wasu bayansu gaba ɗaya za su bayar."

Ya hau murza yatsan, tun bai fara aikin ba. A nan ne na fara jin ɗan tsoro a raina.

Mataki na 6: Kada ka tsaya dogon bayani da yarinyar

Mata suna da wata tambaya mai kama da wasa wadda ba wasa ba ce. Ka gaishe ta, ka ce mata akwai abin mamaki ranar gayya, ka hau babur ka tafi. Uwaisu ya tsaya. Da la'asar ya same ta a ƙofar gida, ya ba ta labarin cewa shi ne makaɗin gayya.

Aina'u ta dube shi ta gefen mayafi. "Yaushe ka koyi kiɗa?"

"Ai a birni ba abin da mutum ba ya tsinta."

"Ikon Allah. Ni dai ko tafi ban taɓa ganin ka yi daidai ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita kuwa sai ta daina murmushi.

"Ka ji, Uwaisu. Baba ba zai yi min dole a kan kowa ba, ka sani. Amma in bai gamsu da kai ba, ba zai ce e ba, ni kuma ba zan shiga gidan da bai sa wa albarka ba, ko da kai ne a ciki. Ina son ka, kuma tsoro nake ji. Kada ka je ka mayar da kanka abin dariya a gabansa."

Ya dawo min jikinsa a sanyaye, yana cewa ko dai ya je ya yi noman iya yinsa kawai. Na ce masa iya yinsa ɗin ne abin dariyar. Da ƙyar na dawo da shi kan hanya. Ka ga illar tsayawa hira.

Mataki na 7: Ka isa gona da ƙasaita

Kada ka rungumo fiyano a hammata kamar tabarma. Ka nemi amalanken shanu, ka ɗora tebur, ka ɗora batirin mota, lasifika biyu da laima. Ka kuma tafi da injiniya. Injiniya ba ya noma, wannan kowa ya sani. A gayyar Malam Sama'ilu ni ne injiniya.

Mun isa da sanyin safiya, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, gero ya kusa kai gwiwa, ciyawa kuma ta yi masa rakiya har can. Samari sun jeru a bakin gona, kowa da layinsa. Muka kafa tebur a gindin wata ɗorawa. Jamil ya zo ya zagaya mu yana saɓe da fartanya.

"Mai caja, yau kuma shago ka kawo mana gona?"

Uwaisu ya gyara tsayuwa a gaban fiyano. Ya rufe ido, ya ciji leɓe, ya ɗora yatsa.

Wallahi sai da tsuntsaye suka tashi daga ɗorawar. Ganguna suka kaure, kalangu ya shiga, mai bugun ƙirjin nan ya biyo baya. Samarin da suka shekara suna noma shiru suka dubi juna, wani ya yi ihu, fartanyoyi suka sauka a tare. Uwaisu ya ja makirfo ya fara kiran suna yadda na koya masa: "Jamil na Sama'ilu, ciyawa ta gan ka ta yi sallama da 'ya'yanta!" Jamil ya so ya ɓata rai, ƙafarsa ta ƙi ba shi haɗin kai. Alhaji Sabo da ya zo wucewa ya tsaya daga nesa yana jan carbi yana istigfari, amma na lura babban yatsan ƙafarsa bai tuba ba.

A nan zan ja kunnenka kan abu biyu, don duka biyun Uwaisu ya yi su.

Na farko, kada ka biye wa mai tsokana. Da rana ta fara ɗagawa Jamil ya ɗago ya yi kira, "Mai caja, kiɗan tsofaffi kake mana? Ƙara wuta!" Akwai maɓallai biyu na gudun kiɗa, ɗaya na ƙarawa, ɗaya na ragewa. Uwaisu ya ga dama ta samu ya gajiyar da Jamil a gaban jama'a, sai ya hau danna na ƙarawa, yana danna yana murmushi, har kiɗan ya koma kamar ana koran ɓarawo. Jamil ko a jikinsa. Sauran dai suka cije suka bi.

Na biyu, kada ka taɓa jar fitilar nan. 'Yan mata sun kawo ɗanwake, ni kuma a matsayina na injiniya dole in duba ko ya dahu. Ina juya baya Uwaisu ya kashe ta, wai yatsansa ya sage. Ya bar hannun a kwance a kan fiyano don ado, makaɗan ciki suna ta yi ba mai riƙe da linzaminsu.

Mataki na 8: In suruki ya doso, ka ajiye tarbiyya a gefe

Wannan mataki shi ne mai wuya, kuma laifin iyayenmu ne. Tun kana yaro an dasa maka cewa in babba ya doso, ka bar abin da kake yi, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka miƙa hannu biyu. In kuwa uban wadda kake nema ne, har kai ake sunkuyarwa. To makaɗi ba ya haka. Makaɗi yana tsaye zai ɗan rusuna da ka, hannunsa na kan aiki, kowa zai yi masa uzuri. Na nanata wa Uwaisu wannan har bakina ya bushe.

Malam Sama'ilu ya ɗan taɓa noma a gefe kamar yadda dattawa ke yi don albarka, sannan ya biyo bakin gona a hankali yana yi wa mutane sannu. Siririn dattijo ne mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Ya iso gindin ɗorawa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Uwaisu."

Ina kallo abin ya faru, ɗanwake a bakina. Jikin Uwaisu bai shawarci kansa ba. Takalmi ya fita, ya zagayo tebur, gwiwa ta kai ƙasa, hannu biyu suka miƙe.

"Barka da rana, Baba. Ina gajiya?"

Ganguna kuwa suna ta kaurewa a bayansa. Kalangu ma a lokacin ya ga damar yin gwaninta.

Malam Sama'ilu ya riƙe hannayen nan biyu, ya dube su, ya dubi fiyano, ya sake duban hannayen. Na kusa da mu suka fara ɗagowa. Daga can tsakiyar gona dariyar Jamil ta taso, har ta so ta danne lasifika. Aina'u tana tsaye da ƙwaryar fura tare da ƙawayenta, na ga ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban ji daɗin ganin haka ba, gaskiya.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya saki hannun Uwaisu ya matsa kusa da tebur, ya leƙa kamar mai duba akuya a kasuwa.

"Shi kaɗai yake yi?"

"E, Baba."

"Ba ya gajiya?"

"Ba ya gajiya, Baba."

"Wannan na mene ne?"

"Na ƙara gudu ne."

"Wannan fa?"

"Na ragewa."

"Masha Allah. Masu ilimi sun yi ƙoƙari, sun hutar da makaɗi." Ya sauke fartanyarsa daga kafaɗa, ya juya ƙotar ya miƙa. "Tunda hannunka ya samu sarari, ga wannan. Ga layi can kusa da Jamil ba kowa."

Sannan ya juyo gare ni. "Shi kuma wannan bawan Allah?"

"Injiniya ne, Baba."

"Shi ma batirin da kansa yake yi?"

Ka koyi saurin tunani daga gare ni. Kafin ya rufe baki na damƙi wayar batir da hannu biyu. "A'a, Baba, wannan in aka saki komai zai mutu." Ya dube ni ya ɗan jima, ya ce Allah ya ba da lada. Haka na yini riƙe da wayar da ke ɗaure tamau da kanta.

Mataki na 9: In an miƙo maka fartanya

A nan ilimina ya ƙare, don ban taɓa bari abu ya kai ni nan ba. Shawarar da zan iya ba ka ita ce ka ce cikinka ya murɗa, ka nufi bayan gari, kada ka tsaya sai birni. Uwaisu yana da wannan damar. Na ma yi masa alama da ido wajen babur.

Bai dube ni ba. Ya dubi inda Aina'u take, ya cire farar rigar ya ɗora a kan tebur, ya ajiye tawul, ya karɓi fartanya da hannu biyu ya shiga layi.

Ka tuna gudun da ya ƙara wa kiɗa don ya karya Jamil? Shi ya tarar yana jiran sa. Makaɗan ciki ba su san mai gidansu ba ne ya shigo gona. Ya sunkuya ya fara sara, saran farko ya tafi da gero ya bar ciyawa tsaye. Wani ya ce, "A'a, mai caja, wancan shi muke ci!" Aka yi dariya. Ya gyara, ya ci gaba. Kafin wani lokaci samari sun yi masa nisa, shi kaɗai a baya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana sara yana haki. Na ga ya tsaya ya dubi tafin hannunsa, ya goge a wando, ya sake kama ƙota. Bororo ne ya taso ya fashe.  Na tabbata ko ya faɗi ko ya yar da fartanya, kuma ko wanne ya faru, magana ta ƙare.

Malam Sama'ilu bai koma bakin gona ba. Yana tsaye a gindin ɗorawa kusa da ni, hannu a baya. Na ɗauka Jamil yake kallo, ɗansa da ke gaba yana tashin ƙasa. Da na bi idonsa sai na ga can baya yake kallo.

Ya matso kusa da tebur kamar mai neman inuwa. Ya sa yatsa ɗaya, ya danna na ragewa. Ya jira kaɗan. Ya sake dannawa. Bai yi shi a lokaci ɗaya ba balle a gane, kaɗan-kaɗan ya riƙa yi, yana danna yana kallon bayan gona, har kiɗan ya sauko ya zama irin na tafiyar shanu in sun ƙoshi. Fartanyoyi kuwa kiɗa suke bi, ba su san sun rage gudu ba. Jamil ya ɗago ya yi tsaki ya ce batirin mai caja ya fara mutuwa. Uwaisu yana ta matsowa. Sara ɗaya, numfashi ɗaya, sara ɗaya, numfashi ɗaya, har ya kamo na ƙarshensu. Da aka kai bakin gona, bai riga kowa ba, amma tare da mutane ya fita.

Dattijon ya ɗauke yatsansa ya mayar da hannu baya.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Batirinka ne ya yi sanyi."

"Shi ne, Baba. Dama yana yin haka."

Mataki na 10: Karɓi sakamakonka

Da azahar aka tashi. Uwaisu ya zo gindin ɗorawa yana tafiya kamar an ɗaura masa itace a baya, ya durƙusa zai mayar da fartanya. Ƙotar ta yi ja a wuri biyu. Malam Sama'ilu ya duba, bai karɓa ba.

"Riƙe ta, ta saba da kai. Kiɗa dai ba ka iya ba, noma ma ba ka iya ba. Amma ka iya gaisuwa, kuma an yi maka dariya ba ka bar layinka ba. Sauran ana koya." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Ka ce wa iyayenka ina gida ranar Juma'a. In maimai ya zo, noma na biyu, ka dawo da abin nan, ka kunna shi, ka shigo layi."

Uwaisu ya zauna da fartanyar a cinyarsa. Aina'u ta aiko masa da fura, ya kasa riƙe ludayi, sai Jamil ne ya tallafa masa ƙwaryar yana cewa, "Sha, mai caja, kada ka mutu mana a gona." Har yau haka yake kiran sa, amma yanzu tare suke zuwa kasuwar Ɗambatta.

Ka ga dai hanyata ta yi aiki. Na ce za a ba shi mata, an ba shi. Na ce farar riga za ta dawo fara, ta dawo, tunda a kan tebur ta yini. Maganar tafin hannu ce kawai aka ɗan samu saɓani, wannan kuma shi ya karya Mataki na 5 da na 8.

Sanarwa

Ni Abdulhadi ba ruwana da duk abin da ya biyo bayan karanta wannan. Bororo, ciwon ƙugu, geron da aka sare, sunan da yayan yarinya zai laƙaba maka har jikokinka su gada, duk naka ne. In tarbiyyar gidanku ta tashi a lokacin da bai dace ba, iyayenka za ka tuhuma. Abin da na ba da tabbaci a kansa shi ne fiyano zai yi kiɗa da kansa daga safe har batir ya ƙare. Waiwayen na baya kuwa ba a sa masa ba, na buɗe cikinsa na duba. Saboda haka kafin ka zo haya, ka fara bincika ko surukinka irin Malam Sama'ilu ne. In ba irinsa ba ne, ka bar min fiyanona a shago, ka je ka fara koyon fartanya tun rani.